Cikin tagwaye: Tambayar da ya kamata a yi wa mai sikanin kafin wata huɗu

Akwai wata 'yar takarda da matan cikin birnin Kano ke ninkewa su cusa a jakar hannu, wani lokaci tare da ɗan hoto mai baƙi da fari wanda ba kowa ke gane kansa da gindinsa ba. Takardar sikanin ke nan. Da yake a unguwarmu an san aikina karɓar haihuwa ne a asibiti, da wuya mako ya wuce wata ba ta yi sallama ta miƙo mini irin wannan takarda ta ce, "Anti, don Allah duba mini" ba.

Biyu daga cikin waɗannan takardu ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Ta farko ta wata amarya ce 'yar maƙwabtanmu. Batan watanta bai fi mako biyu ba ta je wani ɗakin sikanin, mai na'urar ya ce mata tagwaye ne. Kafin magariba labari ya kai dangin miji, har an fara kiranta maman Hassan da Hussaini. Bayan mako shida ta ga ɗigon jini, ta koma, aka ce mata ɗa ɗaya ne, lafiyarsa ƙalau. Daga nan gida ya rikice. Uwar miji ta ce ruwa ba ya tsami banza, ai da hannun wani a ciki. Aka duba hagu aka duba dama, zargi ya sauka a kan facalarta, wadda ta shekara bakwai da aure ba ta taɓa ko ɓari ba. Mutanen da ke cin tuwo a kwano ɗaya suka daina gaisawa.

Ta biyun ta wata uwar 'ya'ya biyar ce. Ita ta yi abin da kullum muke roƙon mata su yi: ta je sikanin cikinta yana wata uku. Takardar ta ce tagwaye ne, duka biyu suna da rai, ga ranar da ake sa ran haihuwa. Shi ke nan. Ta ci gaba da zuwa awo kamar kowace mai ciki. A farkon wata na bakwai, cikin 'yan kwanaki cikinta ya kumbura har ba ta iya kwanciya sai da jingina, numfashi yana yi mata wuya. Da aka sake dubawa, sai ga ɗaya yana iyo cikin ruwan da ya wuce kima, ɗayan kuma ya manne a gefe, ruwansa ya ƙafe. An ceto ɗaya bayan ya yi makonni a kwalba. Ɗayan Allah Ya karɓi abinsa.

Rai da ajali na Allah ne, babu mai jayayya da wannan. Amma takardar farko ta wannan baiwar Allah tana da giɓi, kuma giɓin layi ɗaya ne kacal: ba a rubuta ko jariran mabiyiya ɗaya suke da ita ko kowa da tasa ba. A ganina, duk takardar sikanin ta cikin tagwaye da ba ta amsa wannan tambaya ba, rabin aiki ce, ko da kuwa an biya cikakken kuɗi.

Mu a nan, in an ce tagwaye, tambayoyinmu biyu ne: maza ne ko mata, kuma yaushe za a haihu. Likitan mata kuwa abin da ya fara damunsa shi ne tukunyar da suke ci.

Mabiyiya, wadda wasu ke kira uwar tafiya, ita ce tukunyar ɗan tayi. Ta nan abinci da iska ke isa gare shi daga jinin uwa. Tagwayen da suka fito daga ƙwai biyu, waɗanda ba lallai su yi kama ba, kowa da mabiyiyarsa da jakar ruwansa, kamar 'yan'uwa biyu a gida ɗaya amma kowa da murhunsa. Su ne mafi yawa a ƙasarmu. Waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya da ya rabe biyu, masu kama kamar an tsaga kara, labarinsu ya danganta da ranar da rabuwar ta auku. In ƙwan ya rabe cikin kwana uku na farko, kowa zai samu tasa mabiyiyar. In ya kai kwana huɗu zuwa takwas, mabiyiya ɗaya za su raba, amma kowa da jakar ruwansa. In ya wuce haka zuwa wajen kwana 13, mabiyiya ɗaya, jaka ɗaya, babu ko labule a tsakaninsu. In kuma rabuwar ta makara fiye da haka, shi ne ake haifar su a manne, irin 'yan matan nan da aka ɗauka daga Kano zuwa Saudiyya a 2023, aka raba su a Riyadh a watan Fabrairun 2024.

Kusan kashi biyu cikin uku na tagwaye masu kama mabiyiya ɗaya suke rabawa. Matsalar tukunya ɗaya ita ce jijiyoyin jinin yaran suna haɗuwa a jikin mabiyiyar. Galibi jinin yana kai da komo daidai wa daida. Amma a kusan ciki 10 zuwa 15 cikin 100 na irin wannan, sai ma'aunin ya karkata, jinin ɗaya ya riƙa kwarara zuwa ɗan'uwansa. Mai bayarwa ya tsumbure, fitsarinsa ya ragu, ruwan jakarsa ya ƙafe. Mai karɓa kuma jini ya yi masa yawa, zuciyarsa ta wahala, ya riƙa fitsari ba ƙaƙƙautawa har ruwa ya cika cikin uwa. Abin da ya sami uwar 'ya'ya biyar ke nan. Kuma saboda wannan haɗuwar jijiyoyi, in ɗaya ya rasu a ciki bayan watannin farko, jinin mai ran na iya zurarewa zuwa gare shi, har ya taɓa ƙwaƙwalwarsa ko ya tafi da shi. Masu mabiyiya biyu ba su da wannan hanyar a tsakaninsu.

To, yaya ake ganewa? A nan ne lokaci ya shigo.

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san yadda ganuwa take: gindinta faɗi, tana tafiya sama tana sirancewa. In mai sikanin ya duba inda shamakin da ke tsakanin jariran ya haɗu da mabiyiya, ya ga gindinsa ya yi kauri kamar na ganuwa, to mabiyiya biyu ce. Likitoci suna kiran wannan alamar lamda, da sunan wani harafin Girkanci mai irin wannan siffa. In kuma shamakin siriri ne tun daga sama har ƙasa, ya sauka a miƙe kamar labulen da aka rataya, ya ba da siffar harafin T, to mabiyiya ɗaya ce. Ba ya buƙatar wata na'ura ta musamman. Ido yake buƙata da horo, da kuma minti biyu na haƙuri.

Sai dai wannan alama tana da wa'adi. An fi ganinta tsakanin mako na 11 zuwa na 14, ana ƙirgawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wato wajen ƙarshen wata na uku. Bayan nan gindin ganuwar yana lafewa, mabiyiyoyi biyu da ke kusa da juna su haɗe su yi kamar ɗaya. A wata na shida ko na bakwai, ƙwararre ma sai ya yi ta kokawa, sai fa in an yi sa'a ɗaya namiji ne ɗaya mace, wanda ke nuna ƙwai biyu ne. Tun ran gini tun ran zane. Ƙungiyar masana sikanin mata masu juna biyu ta duniya, ISUOG, ta bayyana haka a ƙa'idojinta na 2016, hukumar NICE ta Ingila ma ta nanata a 2019, har suka ce in an kasa tantancewa, a ɗauka mabiyiya ɗaya ce, a kula da cikin a kan haka.

Amsar tana sauya komai. Mai mabiyiya biyu, in babu wata matsala, sikanin duk bayan mako huɗu ya ishe ta daga tsakiyar ciki, kuma ana son ta haihu a wajen mako na 37. Mai mabiyiya ɗaya ana son a duba ta duk bayan mako biyu tun daga mako na 16, a auna ruwan kowane jariri da mafitsararsa da girmansa, haihuwa kuma a wajen mako na 36. Waɗanda ke jaka ɗaya, saboda igiyoyin cibiyarsu na iya sarƙewa, tiyata ake yi tsakanin mako na 32 da na 34. Mata uku ke nan, dukkansu takardarsu ta ce "tagwaye", amma kowace da jadawalinta. A takarda ana taƙaita su da haruffa: DCDA mabiyiya biyu jaka biyu, MCDA mabiyiya ɗaya jaka biyu, MCMA mabiyiya ɗaya jaka ɗaya. 'Yar'uwa, buɗe jakarki ki duba. In babu ɗaya daga cikin waɗannan, ko bayaninsu a rubuce, ba a gama miki aiki ba.

Mu koma kan amaryar unguwarmu, domin ita matsalarta gaggawa ce. A mako na biyar ko na shida, ɗan tayi bai fi ƙwayar shinkafa ba. A wannan lokaci na'ura na iya ruɗar mai duba ta fuska biyu. Ɗan jinin da ya taru a gefen jakar ciki na iya yin kama da jaka ta biyu, a ce tagwaye alhali ɗaya ne. Haka kuma a iya ganin jaka ɗaya a ce ɗa ɗaya ne, bayan mako biyu a tarar biyu ne a ciki. Sannan akwai abin da ke faruwa da gaske, kuma ba baƙon abu ba ne: a fara da biyu, ɗaya ya tsaya da girma tun a makonnin farko, galibi saboda tangarɗa a halittarsa tun daga haɗuwar ƙwai, jikin uwa ya shanye shi a hankali. Wani lokaci da ɗigon jini, wani lokaci ba ko alama. Wanda ya rage yawanci yana ci gaba lafiya lau. Kakanninmu ma hakan na faruwa da su, sai dai ba su da na'urar da za ta gaya musu, sai su haifi ɗansu ɗaya su yi suna su gode wa Allah. Na'urar ce ta zo ta nuna mana abin da a da yake ɓoye, mu kuma muka fassara shi da abin da muka saba fassara duk abin da ya ɓace mana: maita, sammu, kishiya.

Laifin mai na'urar a nan shi ne bai ce mata "ki dawo bayan mako biyu mu tabbatar" ba. Ƙa'idar aikin ma ta hana yanke hukunci da wuri. Ba a cewa ɗan tayi ya mutu don ba a ga bugun zuciya ba sai tsawonsa ya kai milimita 7, in kuwa bai kai ba, sai a sake dubawa bayan mako ɗaya ko biyu. Na ga matan da aka tura wankin ciki da takardar sikanin guda ɗaya ta mako na shida. Wannan abu yana tayar mini da hankali har yau.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, al'adarmu ba ta yarda a yi ta yawo da ƙaramin ciki ba. Gaskiya ne. Mace, musamman mai cikin fari, kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa ko mahaifiyarta ba, ga tsoron baki. Da yawa sai ciki ya fara motsi, a wata na biyar, suke yankar katin awo. Ba na raina kunya, ado ce. Amma ma'aikaciyar awo ba surukarki ba ce, kuma zuwa asibiti ba shela ba ce. Kina iya zuwa ke da maigida ku dawo ba wanda ya ji. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce kowace mai ciki ta samu sikanin aƙalla sau ɗaya kafin mako na 24, kuma gano tagwaye na cikin dalilan da ta bayar. Ni dai shawarata ga matanmu, in sau ɗaya kuɗinku zai iya, ku ajiye shi zuwa ƙarshen wata na uku. A lokacin ne ake samun adadin jarirai, da mabiyiyarsu, da lissafin ranar haihuwa mafi inganci, duk a zama ɗaya. Abin takaici, mafi yawan kuɗin sikanin a garin nan a wata na bakwai ake kashe shi, don a san launin kayan jariran da za a saya a Kwari.

Na biyu ya fi nauyi, kuma daga bakin abokan aiki nake jin sa: mene ne amfanin sanin mabiyiya ɗaya ce, alhali maganin wannan cuta ta karkatar jini aiki ne na toshe jijiyoyin da hasken leza a cikin mahaifa, aikin da talakan Jakara ko Gwammaja ba zai ko yi mafarkinsa ba? Ban ce ƙarya suka yi ba. Amma tsakanin leza da naɗe hannu akwai fili mai faɗi. In an gano da wuri, ana iya rage ruwan da ya yi yawa don jinkirta naƙuda. Ana iya yi wa uwa allurar da ke ƙarfafa huhun jarirai. Ana iya zaɓar ranar da za a ciro su, a asibitin da ke da kwalba da likitan yara a tsaye, maimakon faya ta fashe da ƙarfe biyun dare a lungun da ko Adaidaita Sahu ba ya shiga. Kuma yawancin masu mabiyiya ɗaya ba za su kamu da cutar ba ma. Sa ido ne ke bambance wadda za a bari ta kai lokacinta da wadda za a gaggauta.

Ban da wannan, ko da mabiyiya biyu ce, cikin tagwaye ba irin sauran ba ne. Hawan jini da jijjiga sun fi kama mai shi, haka ƙarancin jini, haka haihuwar bakwaini, haka zubar jini bayan haihuwa saboda mahaifar ta buɗe da yawa. Na biyun kan juya ya kwanta a gicciye bayan na farko ya fito, abin da babu ungozomar gida da za ta iya da shi. Macen da ta san haka tun wata uku tana da wata shida na shiri: maganin ƙarin jini, awon hawan jini a kai a kai, wanda zai ba da jini in an buƙata, da shawarar inda za a haihu. Mutanen cikin birni ma Allah Ya hutar da su nisa. Ga asibitin Murtala a Ƙofar Mata, ga asibitin haihuwa na Sabo Bakin Zuwo, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya in abin ya yi tsanani.

Kada a ɗauka ƙaramar magana ce ta mutum ɗaya ko biyu. Wani bincike da mujallar Human Reproduction ta buga a 2021 ya nuna ana haihuwar tagwaye kusan sau miliyan 1.6 kowace shekara a duniya, kuma Afirka, musamman yammacinta da tsakiyarta, ce kan gaba a yawan haihuwarsu. Garin Igbo-Ora na Jihar Oyo har bikin tagwaye yake yi. Wani binciken na 2017 a mujallar Lancet Global Health ya gano cewa a Afirka kudu da Sahara, kusan ɗaya cikin tagwaye biyar ba ya kai shekara biyar, ninki uku na sauran yara. Mu da muke girmama tagwaye, muke cewa suna da kofi, har wanda ya biyo bayansu muka ba shi suna Gambo, mu ne kuma muka fi kowa binne su.

Wani abu kuma ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Mata na sayen magungunan sa ƙwai ya fita, irin su Clomid, a kemis ba tare da likita ba, wasu ma don neman tagwayen suke sha, kamar ana odar kaya. Maganin na ƙara yiwuwar samun biyu, wani lokaci uku. 'Yan uku kuwa lissafinsu ya fi rikitarwa, domin ana iya samun biyu a tukunya ɗaya na ukun da tasa, kuma kusan kullum kafin lokaci suke zuwa. Duk wadda ta sha irin wannan magani ta samu ciki, ta faɗa wa mai sikanin da bakinta. Zai sa ya ƙirga da kyau, ya kuma leƙa wajen mahaifa, domin a irin wannan yanayi akan samu ɗaya a mahaifa ɗaya a bututun ƙwai.

Kaso mafi girma na gyaran yana wuyan masu na'ura da masu sa musu ido. Ɗakunan sikanin sun yi yawa a kewayen manyan asibitocinmu, wasu ƙwararru ne ƙwarai, wasu kuma layi ne kawai ake ragewa, minti uku a goge man a kira ta gaba. Ba na neman a rufe su, domin su ne talaka ke iya kaiwa gare su. Abin da nake roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da hukumar PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu ƙarami ne: a fitar da takardar sakamako iri ɗaya, wadda in an rubuta tagwaye dole a cike gurbin adadin mabiyiya da na jakar ruwa, a manna hoton gindin shamakin a jiki. Wanda bai iya tantancewa ba ya rubuta cewa bai iya ba, ya tura mace gaba a cikin makon, kafin ƙofar ta rufe. Horon gane lamda da T ba digiri ba ne. Mu ma masu awo da namu: in mace ta kawo takarda babu wannan layi kuma cikinta bai wuce mako 14 ba, mu mayar da ita a ranar, kada mu ce sai awo na gaba.

Maigida, kai ma kana da aiki, tunda galibi kai ne mai ba da izini da kuɗin mota. In an ce maka tagwaye ne, kafin ka kira 'yan'uwa, tambayi mai na'urar: mako nawa ne, an ga bugun zuciyar kowanne, mabiyiya nawa, jaka nawa, yaushe za mu dawo? In cikin bai kai wata uku ba, riƙe albishir ɗin tukuna.

Amaryar unguwarmu ta haihu namiji, ƙato, da azumin da ya wuce. Kafin suna na je gidan da takardun nan biyu, na zaunar da uwar mijin na zana mata jaka biyu a bayan kwalin magani, na yi mata bayani kamar yadda na yi a nan. Ta saurara har na gama, ta ce, "To, 'yar nan, Allah Ya sa haka ne." Ranar suna facalar ce ta tuƙa tuwon, amma na lura ba a miƙa mata jaririn ba.